Koriyar Hanya: Yawo a Kan Keke a Birnin Sebiya

Duk mai zama gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san sunan Sevilla, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Europa har sau 7, wadda Frédéric Kanouté ɗan Mali ya yi wa wasa daga 2005 zuwa 2012. Malamanmu na zaure kuwa da Ishbiliya suka san garin, daga littattafan tarihin Andalus. Mutanen garin su kuma Sebiya suke cewa. Ni ba ƙwallo ce ta kai ni ba, ba kuma tarihi ba, ko da yake na sha biyun na ƙoshi. Ɗan yayata ne ke karatun digiri na biyu a jami'ar garin, kuma tun da ya ji na koma hawan keke zuwa wurin aiki bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023, duk wayar da muka yi sai ya ce, "Kawu, in Allah ya sa ka shigo Sifaniya, ka zo ka ga abin da aka yi wa masu keke a nan." Da wani aiki ya kai ni Madrid a ƙarshen watan Yuni, sai na ce ba zan koma gida ban leƙa shi ba.

Daga tashar Atocha na hau jirgin ƙasa mai gudu da suke kira AVE. Layin nan shi ne irinsa na farko a ƙasar, an buɗe shi a 1992, tsawonsa kilomita 471, jirgin kuma na cinye shi cikin kusan awa biyu da rabi. Da farko fili ne fetal, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, sai duwatsun Sierra Morena inda jirgi ke ta kutsawa cikin ramuka yana fita, sannan Ƙurɗuba. Gonakin zaitun kuwa ga su nan layi-layi har iyakar ganin ido. Sanyin cikin tarago ba ya barin mutum ya san abin da ke waje. Sai da na fito daga tashar Santa Justa, rana ta take tsaka, sannan iska ta mare ni, busasshiya mai zafi, irin wadda muka saba da ita a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. Allon wani kantin magani yana nuna digiri 39.

Ɗan nawa yana jira a bakin tasha. Da muka gama gaisawa ya karɓi akwatin, muka zo tsallaka titi, sai ya nuna mini ƙasa ya ce, "Kawu, wannan koren wurin na masu keke ne, ba a tsayawa a kai." Tsakanin dakalin masu tafiya a ƙafa da kwaltar motoci, wata siririyar hanya ce aka shafe da koren fenti, faɗinta kamar mita biyu da rabi, da farin layi a tsakiya, masu tafiya a gefe ɗaya masu dawowa a ɗaya gefen. An raba ta da motoci rabuwa ta gaske, wani wurin da dakalin siminti, wani wurin da ƙarafa a kafe. Kafin danja ta ba mu hannu, wata dattijuwa ta wuce da cefane a kwando, sai wani mutum da jakar ofis ɗaure a kariya, sai wata mata da ta goyo yarinya a ƙaramar kujera. Kowa da kayan jikinsa na yau da kullum, ba wanda ya yi shigar 'yan tsere, kuma a zafin nan da na faɗa.

Da la'asar sakaliya muka je ɗaukar keke. Garin na da kekunan haya na jama'a da ake kira Sevici, waɗanda suka fara aiki a Yulin 2007. Tashoshinsu sun kai kusan 260, kekunan kuma kimanin 2,500, ja da ruwan toka. Kamfanin JCDecaux na Faransa ne ke gudanar da su, shi kuma aka ba shi allunan talla na kan titi. Baƙo na iya yin rajista ta ɗan lokaci. Ka cire keke a wannan tasha ka ajiye a waccan, kuma rabin awar farko ta kowace tafiya kyauta ce, shi ya sa ɗalibai ke lissafin hanyarsu yadda ba za su wuce rabin awa ba. Keken na da nauyi, ya haura kilo 20, giyarsa uku, da kwando a gaba da fitila. An ƙera shi ne don ya jure hannu dubu, ba don gudu ba. Na daidaita sirdi, na gwada birki, na yi bisimilla.

Mun bi babban titin da ya kewaye tsohon gari, wanda aka shimfiɗa a sawun ganuwar da. A unguwar Macarena har yanzu akwai sauran badalar a tsaye, da hasumiyoyinta da ƙofarta, tun zamanin da Musulmi ke mulkin garin. Motoci na ta wucewa a gefena, manyan bas-bas na huci, amma ba wanda ya matso ni. A nan na lura da wani abu a jikina. A gida in ina kan keke, rabin hankalina yana baya: kunne na sauraren odar ɗan a-daidaita-sahu, kafaɗa a ɗage, ido na neman inda zan faɗa in tirela ta matso. A Sebiya kafaɗata ta sauka. Ina taka feda ina kallon gine-gine, har muna hira da ɗan nawa. A mahaɗar tituna akwai ƙaramar danja mai hoton keke, in ta yi kore ka wuce tare da masu ƙafa, motoci na tsaye.

Wanda ya ga haka zai ɗauka garin ya gaji keke ne kaka da kakanni kamar birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Ba haka ba ne. Har zuwa 2005 duk hanyar keken da ke garin ba ta wuce kilomita 12 ba, ita ma gutsi-gutsi, nan kaɗan can kaɗan. Igiyar guga ce da aka yayyanka: kome yawan guntayen, in ba a ƙulla su ba guga ba zai taɓa ruwa ba. Ba uwar da za ta bar ɗanta ya hau hanyar da za ta kare shi na mita ɗari biyar sannan ta sako shi tsakiyar shataletale. Saboda haka a cikin tafiye-tafiyen da mutanen garin ke yi a rana, na keke bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Akwai dai wata ƙungiyar masu keke mai suna A Contramano da aka kafa tun 1987, cikin waɗanda suka kafa ta har da Ricardo Marqués, malamin fiziya a jami'ar garin. Shekara da shekaru suna zanga-zanga a kan kekuna suna rubuta takardu, ana jin su ana kawar da kai.

Zaɓen 2003 ne ya buɗe ƙofa. Jam'iyyar PSOE ta magajin gari Alfredo Sánchez Monteseirín ba ta sami rinjayen da za ta yi mulki ita kaɗai ba, sai ta haɗa kai da ƙaramar jam'iyyar Izquierda Unida, wadda hanyar keke na cikin alkawuranta. Aka kuma fara wani tsari na tara mutanen unguwanni su faɗi inda suke son a kashe wani kaso na kuɗin gari, hanyar keke ta fito cikin manyan buƙatu. José García Cebrián ne ya ja ragamar aikin daga ɓangaren hukuma, da masu ba da shawara irin su Manuel Calvo. Shawarar da suka yanke ita ce ta bambanta Sebiya da garuruwa da yawa: ba za su yi kilomita biyu bana su jira su ga yadda za ta kaya ba. Za su zana hanyoyin gaba ɗaya a haɗe, su gina su a tashi ɗaya. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Tsakanin 2006 da 2007 aka shimfiɗa kusan kilomita 80, kafin 2010 ta ƙare sun kai 120.

Da farko an sha surutu, domin filin ba daga sama ya faɗo ba. Yawancinsa wurin ajiye motoci ne na gefen titi, dubban gurabe aka soke, aka ɗaga wurin ya yi daidai da dakalin masu ƙafa, aka shafa fenti. Masu motoci suka yi ta ƙorafi, masu shaguna suka ce za a kashe musu ciniki. Amma da yake aikin ya yi sauri, kafin masu adawa su gama shiri hanyoyin sun cika da mutane, kuma wanda ya fara zuwa aiki a keke ya zama mai kare hanyar da bakinsa da ƙuri'arsa. Aka sake zaɓe a Mayun 2007, haɗakar jam'iyyun biyu ta koma kan mulki. Zuwa 2011 tafiyar keke a ranar aiki ta kai kusan 70,000, wato kusan kashi 6 cikin 100 na duk zirga-zirgar garin. Binciken da Marqués da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa hatsarin da mai keke ke fuskanta a kowace tafiya ya ragu da kusan rabi. Kuɗin da aka kashe a kan kilomita 120 ɗin nan kimanin Yuro miliyan 32 ne. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa guda ɗaya da garin ya buɗe a 2009, mai kilomita 18, ya ci sama da miliyan 600, kuma a shekarun nan na farko mutanen da yake ɗauka a rana ba su kai na hanyoyin keke ba. Ban faɗi haka don rage wa jirgin daraja ba, na hau shi, yana da amfani ƙwarai. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne arhar ɗayan aikin.

A wani lungu na Macarena muka tsaya shagon wani dattijo mai gyaran keke, saboda keken ɗan nawa na kansa yana can ana canza masa sarƙa. Shagon cike da gargare rataye a bango, warin man giris da roba ko'ina. Ɗan nawa ne ke yi mana tafinta. Dattijon ya ce a da masu zuwa wurinsa iri biyu ne, 'yan tseren ranar Lahadi da iyaye masu neman keken yara lokacin biki. Yanzu kuwa masu aikin asibiti ne, da malaman makaranta, da mata masu aikin gidaje, kuma abin da suka fi nema faci ne da birki da kwando da kwaɗo mai ƙarfi. Na tambaye shi zancen zafi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce lokacin da ake aikin kowa cewa yake ba mai hankalin da zai hau keke a Sebiya a watan Agusta. Ya nuna titi da sifana, ya ce in duba da kaina.

Zancen zafin nan shi ya fi damuna, domin shi ne uzurin da na fi ji a gida. Sebiya na cikin garuruwan da suka fi zafi a Turai duka. A Yuli da Agusta zafin rana kan kai digiri 36 a matsakaici, ya haura 40 sau da yawa, har ma a 2022 garin ya fara raɗa wa guguwar zafi suna, ta farko aka kira ta Zoe. Abin da na gani shi ne mutanen sun san lokacin rana kamar yadda manomi ya san shi. Da sassafe koriyar hanya a cike take. Daga wajen ƙarfe biyu zuwa biyar gari kan yi tsit, shaguna da yawa a rufe, hanyar ma sai ɗai-ɗai. Da rana ta yi sanyi sai a sake fitowa, kuma a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata, don haka yammacinsu dogo ne. Sannan ga inuwa. Itatuwan lemo mai ɗaci dubbai ne a titunan garin, ga wasu manyan itatuwa da suka yi wa hanyoyi rumfa, kuma a titunan kasuwa irin su Sierpes da Tetuán ana shimfiɗa manyan yadudduka daga rufi zuwa rufi duk lokacin zafi. Inda hanyar keke ta bi ƙarƙashin itatuwa tafiya daɗi gare ta ko da rana ta ɗaga. Inda ta fita fili kuwa, kamar wasu wurare a tsibirin Cartuja da aka yi bajekolin duniya na 1992, sai ka ji kwalta na turo wuta daga ƙasa. A gari mai zafi, wanda zai yi hanyar keke sai ya haɗa da dashen itace, in ba haka ba ya yi rabin aiki.

Washegari da safe muka nufi tsakiyar gari ta titin Constitución. Ɗan nawa ya ce kafin 2006 nan babbar hanyar motoci ce, hayaƙin bas-bas ya mai da duwatsun babbar majami'ar garin baƙi ƙirin. Aka hana motoci, aka shimfiɗa dutse, aka kawo ƙaramin jirgi mai bin titi a 2007. Yanzu ƙararrawar jirgin nan kake ji, da ta kekuna, da takun dawakin da ke jan keken-doki na masu yawon buɗe ido. Muka ajiye kekuna muka shiga majami'ar. A wurin nan babban masallacin Ishbiliya yake a da, wanda daular Musulmi ta Muwahhidun daga Maroko ta gina. Bayan Sarki Fernando na III ya ci garin a 1248 aka mai da shi coci, daga baya aka rushe aka gina wannan. Abin da ya saura shi ne farfajiyar alwala, wadda ke cike da itatuwan lemo, da hasumiyar da ake kira Giralda, wadda aka gina tsakanin 1184 da 1198, 'yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh da ta Hassan a Rabat. A cikin Giralda ba matakala, gangare ne har hawa 35 yana kewayawa, ana cewa don a iya hawa a kan dabba. Na hau a hankali ina tuna cewa daga nan aka yi ta kiran salla shekara da shekaru, zuciyata ta yi nauyi. Daga sama kuma na ga abin da ya taimaki masu keke: garin shimfiɗe yake kamar tabarma, ba tudu sai can yamma bayan kogi.

Cikin tsohon gari ba koriyar hanya. Lunguna ne ƙanana masu lanƙwasa, wasu in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, ƙasa kuma dutse ne mai sa keke rawa. A nan mai keke da mai ƙafa da 'yar motar da ta kutso kowa na haƙuri da kowa, kuma a wasu titunan kasuwa doka ce a sauka a tura keke a lokutan cunkoso. Muka fita bakin kogin Guadalquivir ta wajen hasumiyar Torre del Oro, ita ma ginin Muwahhidun ce ta wajen 1220, muka haye gadar Triana, muka bi gaɓa zuwa arewa har lambun Alamillo. Wannan ita ce tafiyar da kowane baƙo ke yi, tana da kyau, ba sai na tsawaita ba.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce ta unguwannin gefe. Na ce wa ɗan nawa ina son ganin inda talaka ke kwana, domin aikin da aka yi don baƙi kaɗai ba ya burge ni. Muka yi gabas da kudu, muka wuce filin wasa na Sánchez-Pizjuán a Nervión, muka ci gaba har gine-gine suka canza, dogayen benaye masu ƙananan tagogi, wanki a shanye, dattawa zaune a inuwa. Wasu unguwannin wannan ɓangaren, irin su Los Pajaritos da Polígono Sur, suna cikin waɗanda suka fi talauci a Sifaniya baki ɗaya. Koriyar hanyar ba ta tsaya a bakin unguwar masu kuɗi ba, ta bi manyan titunan da ke kai mutanen nan cikin gari. A nan na ga kekunan da suka ji jiki, sirdi ɗaure da leda, kariya ɗauke da kayan aiki. Na ga samari baƙar fata 'yan Afirka ta Yamma da manyan jakunkunan kai abinci a baya. Wanda ba shi da kuɗin mota, ga shi an ba shi hanya tasa a kan babban titi, mai mota kuma dole ya tsaya masa a danja. Na daɗe ban ga aikin hukuma da ya mutunta marar ƙarfi kamar wannan ba.

Da magariba, wadda sai wajen goma na dare take yi, muka yi salla a wani ƙaramin masallaci da ke ƙasan bene, tare da 'yan Maroko da 'yan Senegal. Kekuna jere a ƙofa, kowanne ɗaure da ƙarfen titi. A hanyar dawowa ɗan nawa ya tuna mini cewa a garin nan ne Kanouté ya sa kuɗinsa a 2007 ya sayi ginin wani masallaci da ake shirin rufewa saboda wa'adin hayarsa ya ƙare. Allah ya saka masa da alheri.

Ba kome ne ya yi daidai ba, kuma masu keken garin su suka fi kowa faɗa. Mita biyu da rabi ga masu zuwa da masu dawowa ya isa a lokacin da ba a san ko mutane za su fito ba, yanzu ya yi kaɗan, musamman da 'yan sululun nan masu lantarki da ake hawa a tsaye suka shigo suna raba hanyar da kekuna. Da yake an yi aikin cikin gaggawa, akwai wuraren da hanyar ke karyewa farat ɗaya don kauce wa itace ko tashar bas, akwai inda take tsallakawa daga wannan gefen titi zuwa wancan. Da yake kuma tsayinta ɗaya da dakalin masu ƙafa, akan sami saɓani da tsofaffi da masu tura jarirai, a wasu wuraren ma filin masu ƙafa aka taɓa, wanda bai kamata ba. Satar keke ta yi yawa, gidajen tsohon gari kuma ba su da wurin ajiya, ɗan nawa ɗaukar nasa yake a kafaɗa har hawa na uku. Sannan akwai siyasa. A 2011, shekarar da garin ya karɓi babban taron masu keke na duniya da ake kira Velo-city, mulki ya koma hannun Juan Ignacio Zoido na jam'iyyar PP, aka soke dokar da ta taƙaita shigar motoci tsakiyar gari, aikin keke ya yi sanyi, yawan masu hawa ya daina ƙaruwa. Amma hanyoyin ba a tone su ba. Siminti ne a ƙasa, kuma dubban masu ƙuri'a na bi ta kai kullum. Daga baya an ci gaba da ƙara wasu.

Duk tsawon yawon nan Kano na raina. Ita ma shimfiɗaɗɗiya ce, ita ma mai zafi, ita ma da tsohon gari mai lunguna da manyan tituna a kewaye. Kuma mu ba sai an koya mana keke ba. Mun taso mun ga malamai da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa a kan Rale, ana goge shi ana yi masa ado, yara kuma na tara kwabbai su je haya. Babur ya zo ya ture shi, acaɓa ta mamaye gari har aka hana ɗaukar fasinja a kanta a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ya gaje ta. A hankali keke ya zama shaidar rashi, wanda ya hau ana tambayarsa ko lafiya. Tun da litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki a 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, amma sun fito ne kan titunan da ba a yi da su ba. Muna gina gadar sama da ta ƙasa, ba a bar wa mai keke ko taku ɗaya ba.

Ina tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. A 2001 wata bas ta ture shi ya faɗa kwata, aka yi ta yi masa dariya, zance ya mutu. Ni a ganina mutumin ya faɗi gaskiya, kuma hatsarin nan shi ne hujjar abin da ya rage a yi. Wa'azi ba ya sa mutum ya hau keke, haka gangamin rana ɗaya da hula da riga mai tambari. Tsoron mota ne ke hana mutane, kuma dakalin siminti ne maganinsa. Da za a ɗauki titin Zariya da na BUK da na Katsina da na Gidan Zoo, a ware musu gefe a haɗe su da juna, a dasa darbejiya a jere, a kuma hana mai shago baje kaya a kai da mai mota yin fakin, na tabbata 'yan makaranta da leburori da masu gadi za su cika su kafin fenti ya bushe. Hana mamaye hanyar shi ne zai fi ginin wuya a wurinmu, na san da haka, amma ba abu ne da ya gagara ba.

Komawa Madrid a bas na yi, don ya fi arha, daga tashar Plaza de Armas da ke bakin kogi. Mun isa da sassafe, lokacin da motocin garuruwan kewaye ke sauke ma'aikata. Birnin kansa mutanensa ba su cika 700,000 ba, amma in an haɗa da kewaye sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma da yawansu a kan tudun Aljarafe suke kwana, yamma da kogi, inda hanyoyin keke ba su haɗu da juna kamar na cikin gari ba. Yawancinsu har yanzu da mota suke shigowa, su suke cika gadoji da safe, kuma wannan na cikin abin da A Contramano ke ci gaba da neman a gyara. A cikin tashar ɗan nawa ya nuna mini wani shiri da ake kira Bus+Bici, wanda hukumar sufurin yankin ta fara tun 2006: wanda ya shigo gari a bas da katin hukumar, ana ba shi aron keke kyauta ya yi harkokinsa na yini, ya mayar kafin ya hau motar komawa gida. Muna tsaye wata mata da rigar aikin asibiti ta sauko daga bas, ta nuna katinta, ta karɓi keke ta tura shi waje. Aka kira motar Madrid, ɗan nawa ya sa mini akwati a ciki, ya ce, "Kawu, a gaida su Umma, a ce mata ina nan lafiya." Tafiyar awa shida ce a gabana.